A Buɗe wa Malam Aondowase Ajinsa

Kullum da hantsi, kafin in gama jera kayan sanyi a rumfata ta Bukan Sidi a garin Lafiya, Malam Aondowase zai faka tsohon mashin ɗinsa ya ce, "Mama Yagana, akwai?" Sai in juye masa marfin kwalbar lemo da na tara jiya, ya zuba a aljihu ya wuce aiki. Shekara da shekaru na ɗauka 'yar taɓuwa ce irin ta masu boko. Ni ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma jikata Zulfa ke rubutawa ina faɗa, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Sai da Zulfa ta shiga babbar makaranta na san aikin marfin nan. Wani lissafi da suke kira intigireshan ya yi ta kayar da ita, har aka ce in ta sake faɗuwa kora ce. Ta daina cin abinci. Na ce in a kan lamba za ta mutu, ta bari in sayar da kunun yau tukuna. Wata ƙawarta ce ta ja ta ajin Asabar da Malam ke yi kyauta a wani ɗaki cikin makarantar.

Ga yadda ta ba ni labari. In lissafi ya zo a cukurkuɗe, wani a cikin wani, sai ya ɗora marfi a kan na cikin, ya ce daga yanzu sunansa "yu". Nan take abin ya daina ban tsoro. Amma ɗan ma'aunin da ke wutsiyar lissafin, shi ma dole a juya shi ya bi sabon suna, a nan ne ita Zulfa ke zamewa kullum. In an gama, a ɗaga marfi a mayar da na asali mazauninsa. Ranar da ta manta ta kai amsa da "yu" a ciki, ya dawo mata da takardar ya ce, "Hajiya, wanda kika rufe yana nan yana jiran ki."

Ta ci jarrabawar. Ba ita kaɗai ba. Rilwanu, da ke jan keke napep yana karatu, ya ce a kan tambaya ɗaya Malam ya zauna da shi har yunwa ta kori sauran. Ngunan, da ke koyarwa a Adogi yanzu, ta ce da tsakuwa take yi wa nata ɗaliban.

Bana ya yi ritaya. Sai aka sa wa ɗakin kwaɗo, aka ce wa mai gadi kada ya bar shi ya shiga. Na yafa gyale na je. Sabon shugaban sashen lissafi ya ce doka ce, wanda ya bar aiki ba shi da aji, kuma su ba sa koyarwa da shara. Na tambaye shi yaran da ke bakin kora wa zai zauna da su ranar Asabar, shi? Ya sunkuya yana danna waya.

Malam, kai ne ka ce in bar maganar, wai "Mama, no wahala." Akwai wahala. Kai ne ba ka taɓa ce wa ɗan wani daƙiƙi ba. Kai ne kake sake bayani sau nawa aka nema, ba tsaki. Haƙurinka naka ne, ni ban da shi.

Na tura firjina gefe, Ɗanladi kafinta ya ba mu allo da benci, yanzu a rumfata ake aji, cikin hon ɗin keke da hayaƙin mai suya. Na gode maka, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Malaman da ke da Asabar a hannu, ga gurbi kusa da shi, ku zo ku gani ku kwaikwaya.

Ku kuma na makaranta, rumfata na yoyo. Ku cire kwaɗon nan kafin damina. In ba haka ba zan kwaso yaran da allonsu mu zauna a bakin get ɗinku, ya koyar a nan, duk Lafiya na kallo.