Tukwanen ƙaguwa da Gwaggo ta kai kogi

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da yammacin da na dawo gida na tarar da bayan ɗakin girkinmu wayam, an share an yayyafa ruwa, babu tukunyata ko guda. Yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma in abin ya faɗo mini sai in ji kamar jiya aka yi shi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe a fakulte, wato jami'a, a nan N'Djamena, ina karatun halittu. Mu jikokin mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, hanya ta ƙare musu a bakin kogin Shari. Baba yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, saboda haka yayarsa, Gwaggo, ita ta raine ni a gidanmu na unguwar Lamadji. Duk dangi Baba kaɗai ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Muna da wani malami, siririn dattijo da ba ya fara'a sai in yana maganar ƙaguwa. Shi ya koya mana cewa a cikin ɗan tsinken nan da idon ƙaguwa ke bisa, akwai wani ƙululun jijiyoyi mitsitsi da ke sakin sinadari cikin jininta. Sinadarin saƙo ne, yana gaya wa jiki kada ya yi saɓa tukuna. In aka cire tsinken, saƙon ya yanke, sai ta tuɓe tsohon ɓawonta tun lokaci bai yi ba. Ya ce an gwada haka a kan manyan ƙaguwoyin taɓo na bakin teku, amma shi bai san wanda ya gwada a kan na koginmu ba. Sannan ya ce akwai gurbin ƙaro karatu guda ɗaya tak a wani ɗakin bincike da ke bakin teku, kuma wanda aikinsa na ƙarshe ya fi kyau shi zai tafi. Tun daga ranar na sa wa raina cewa gurbin nan nawa ne.

Na je Toukra, can bakin kogi, na samo ƙaguwa ashirin da huɗu wajen wani masunci. Ko kwana uku ba su yi a labo ba, ɗakin gwaje-gwajenmu, malamai suka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofa. Ba yadda zan yi, sai na kwaso su zuwa gida. Kowace na ba ta tukunyar ƙasa tata, da ɗan taɓo da ruwa, domin wadda ta yi saɓa jikinta laushi gare shi, 'yan uwanta cinye ta za su yi. Don kada su hauro, na ɗaure bakin kowace tukunya da ƙyallen alawayyo da na tsinto cikin ragowar yadin Baba. Na rubuta wa kowace lamba a gadon baya da jan farce. Sha biyu na sanyaya su da ƙanƙara na cire musu idanu, na adana idanun a wata 'yar kwalba, sha biyu na bar su yadda Allah Ya yi su don in kwatanta. Kullum safe in zana gidaje a littafina in cika su da lambobi.

Yanzu da na girma, in na jera abubuwan nan a raina sai in riƙe baki. Tukwane a bayan ɗaki, an rufe su da yadin da ake yin likkafani, halitta mai rai an ƙwaƙule mata ido an yi mata jan rubutu, ga kwalbar idanu, ga littafi cike da gidajen lambobi kamar hatimi. Amma a lokacin kaina ya kumbura, ban ga komai ba sai teku.

Wata safiya Gwaggo ta tsaya a kaina ina canza ruwa. Ta fara da Larabcin gari, yadda take yi in ranta bai kwanta ba, ta ce, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Sannan ta koma Hausa: "'Yar nan, me waɗannan bayin Allah suka yi miki kika makantar da su?"

Ko ɗaga kai ban yi ba na ce, "Aikin lakwal ne, Gwaggo, karatun boko. Ko na faɗa ba za ki gane ba."

Ta juya ta tafi. Ba ta sake tambaya ba, ni kuwa har daɗi na ji na rabu da fitina.

Abin da ban kula da shi ba, a daidai lokacin idon Baba na ta lalacewa. Ya jima yana cewa yana ganin hazo-hazo, amma cikin watan nan abin ya ta'azzara. Ya yanka wa wata mata shuɗi a madadin baƙi, ta dawo ta yi masa tijara a gaban maƙwabtan rumfa. Daga nan ya daina fita, ya koma zama a gindin bishiyar tsakar gida da carbinsa. Ina wuce shi da bokitin ruwa safe da yamma, in gaishe shi a tsaitsaye in wuce wajen ƙaguwoyina.

A mako na huɗu, lamba bakwai ta yi saɓa. Tana cikin marasa ido, kuma masu ido ko ɗaya ba ta motsa ba. Na ga tsohon ɓawon a gefe, ita kuma tana kwance sabuwa fil. Ko karyawa ban yi ba na tari taksi zuwa gidan malaminmu a can ɗaya gefen gari. Dattijon nan ya yi dariya har da tafi, ya ce gobe zai zo ya gani da idonsa. Sai bayan la'asar na iso gida, na tarar da abin da na tarar.

Gwaggo ba ta ɓoye ba. Tana tankaɗe take gaya mini cewa ta je wajen wani malamin duba ta kwatanta masa abin da ke bayan ɗaki, ya ce a kai ruwa mai gudu. Ta ɗauki hayar amalanke, ta farfasa tukwanen a bakin kogi, ta juye kwalbar, littafin kuma ta sa a murhu. Ta ce ta san ba da gangan na yi ba, wani ne ya bi ta hannuna don ya makantar da Baba. Na yi ihu irin wanda ban taɓa yi a gidan nan ba, na gaya mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Sai na ruga wajen Baba, don na tabbata shi zai rama mini.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ke, ni na ce a kai."

Wannan "ke" ɗin ta fi fasa tukwanen yi mini ciwo. Na durƙusa ina kuka ina zayyana masa tsinken ido da saƙon da ke cikin jini, duka cikin abin da bai fi minti biyar ba. Ya saurara har ƙarshe, har ya tambaye ni ko suna jin zafi in an cire.

"Ashe yana faɗuwa da Hausa," in ji shi. "Wata guda ina jin ƙarar tukwane a bayan ɗaki, ba ki zo kin zauna kin ce Baba ga abin da nake yi ba. Ni ba na gani, sai abin da aka gaya mini. Ita ta gaya mini, ke ba ki gaya mini ba."

Washegari na koma Toukra. Masuncin ya ce ruwa ya janye, ƙaguwoyi sun shige ramuka, sai in damina ta dawo. Ko da na samu ma, kwanakin da suka rage ba za su isa ba. Na harhaɗa aikin daga littattafai na miƙa, na ci da ƙyar, gurbin kuma wani ɗan ajinmu ya tafi.

Abin da ya fi baƙanta mini rai yana gaba. Bayan wata biyar aka kai Baba asibiti, likita ya ce yana ce ta rufe idon, irin ta tsufa, aka cire. Ranar da aka kwance bandeji ya dube ni ya ce Uwata, kamar ba abin da ya faru. Amma matan unguwa da suka zo barka, wajen Gwaggo suka yi layi suna yaba mata, wai ba don ta kai tukwanen nan kogi ba da ko likita bai ci nasara ba. Baba yana ji, bai musa musu ba. Shekaru bayan haka, tana ciwon ajali, Gwaggo ta kama hannuna ta ce in kwantar da hankalina, maganar idon Baba ta daɗe da yafe mini. Na ce na gode, don ban ga abin da zan ce wa mai barin duniya ba.

Har yanzu ina jin haushinsu, ba zan yi ƙarya ba. Amma haushin kaina ya fi, domin abin da ya isa ya ceci aikina bai wuce zaman minti biyar a kan tabarma ba, ni kuwa na ga sun yi kaɗan a yi musu bayani. Na koyi cewa in ka hana mutanen gidanka bayanin abin da kake yi, ba za su zauna haka ba, za su nemo nasu bayanin, kuma da shi za su yi aiki. Yanzu kimiyya nake koyarwa a sakandare. Duk ɗalibin da zan ba aikin da zai kai gida, ko wake ne a gwangwani, sai ya fara zama ya bayyana wa tsohuwar gidansu da harshen da take ji. Ni dai har yau ban ga teku ba.