Ranar da Valdemir Ya Ɗage Kwali

Valdemir mai yankan makulli ne a kasuwar Casa Amarela da ke birnin Recife a ƙasar Brazil. Shekara talatin yana bakin inji ɗaya, ba yabo ba fallasa. Amma ranar Lahadi, da an ci wake da shinkafa an share teburin tsakar gida, sai ya zama mai duniya. Shi ke jan labari a wasansu. Kowa da takardarsa mai ɗauke da sunan gwarzonsa. Valdemir ya faɗi inda suke da abin da ya tunkaro su, su faɗi abin da za su yi, ɗan ludo mai fuska ashirin ya raba gardama. Nasa jifan a bayan wani tsohon kwalin takalmi yake yi, ba mai gani.

Ƙarya yake shararawa a bayan kwalin nan, kowa ya sani. Shekara ashirin da shida ba gwarzon da ya taɓa mutuwa a teburinsa. To ina ma lokacin mutuwa? Mutanen nan sai su kwashe awa uku ba a zare takobi ba, ana ta soyayya da gulma da rikicin gado kamar fim ɗin talabijin na yamma.

Matarsa Zuleide ita ke riƙe da takardar Dalva mai kwalekwale, mace mai bakin tsiya da ke tsallakar da tawagarsu kogi a cikin labarin. Bara waccan Zuleide ta faɗi a kicin, ba ta tashi ba. Valdemir bai yi kuka ba, har a maƙabarta. Lahadin da ta biyo bayan addu'ar bakwai ya share tebur ya kafa kwalinsa, ya ajiye takardar Dalva a gefensa. Dalva ta ci gaba da tuƙi, shi ke magana da bakinta. Ba wanda ya zauna a kujerar Zuleide da ke kusa da tukunyar fure. Tun daga nan abinci ba ya masa ɗanɗano, rediyo surutu ne kawai. Awa huɗun nan na Lahadi ne kaɗai yake jin muryarta, ko da daga maƙogwaronsa take fita.

Nivaldo, ƙanin Zuleide, direban bas, shi ya jajibo baƙon. Torben sunansa, Bajamushe, ya zo gyaran injuna a tashar jiragen ruwa. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi, sai dai Nivaldo da shegen surutunsa ya gaya masa komai ban da abin da ya kamata.

Baƙon ya zo da fensir biyu da littafin dokoki. Ya yi dariya da ya ga an share awa guda ana sasanta wani jarumi da surukarsa. Da aka kawo kofi da soyayyen rogo, ya ce a teburin da ya taso a ƙasarsu, a fili ake jifa, mai jan labari ma ba ya ɓoye hannunsa. Wanda ɗan ludo ya kashe ya mutu, sai a ɗauki sabuwar takarda. A ganinsa, in ba a mutuwa, to tsira ma ba ta da daɗi.

"Kai dai ci rogonka, Bature," in ji Nivaldo. "Mu nan ko akuya ba ma kashewa sai an yi mata waƙa."

Valdemir bai ji haushi ba. Ya daɗe bai ji komai ba. Aka koma wasa, tawagar na tsakiyar kogi, ambaliya ta taso, igiya ta harɗe ƙafar Dalva. Ya kai hannu bayan kwali kamar kullum, sai ya tsaya. Ya ɗage kwalin ya ajiye a ƙasa. Ya ce in ya fito biyar ko sama, ta tsira.

Ya jefa. Biyu.

Nivaldo ya yi wuf ya ce ai ya taɓa faranti. Dokar gidan ce tun fil azal, jifan da ya taɓa faranti ba jifa ba ne.

"Yaya, sake jefawa."

"Bai taɓa ba," in ji Valdemir.

Mutumin da yakan share rabin awa yana bayanin faɗuwar rana, jimla biyu ya yi. Ruwa ya ja Dalva. Kwalekwalen ya isa gaɓa babu kowa a ciki.

Torben ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya ce mutuwa ce mai kyau. Ya ƙara da cewa a wurinsu, in gwarzo ya mutu, ana miƙa wa mai shi takardar ya tafi da ita gida. Ya ɗauko ta, ya dubi rubutun hannun da ke jiki, ya dubi mutanen tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Ta wace ce?"

Nivaldo ya sunkuyar da kai. Valdemir ya karɓi takardar, ya zagaya tebur, ya ɗora ta a kujerar da ke kusa da tukunyar fure. Iska na kaɗawa, sai ya danne ta da kofinsa. Ya dawo ya zauna, ya buɗe baki zai ci gaba da labari, ya tarar ba wanda zai tsallakar da su kogin a dawowa.