Baturiya a Zauren Malam

Muna idar da sallar asuba muka bar Karaye, ni da wani abokina mai tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Fulatan muka nufa, can ƙasar Rogo, wajen malamin da ya koya mana Turanci a sakandare. Bara idonsa ya tafi. 'Yarsa ce ta aiko min cewa tun daga nan ya daina hira, ya daina dariya, zaure ma sai an matsa masa yake fitowa. Wanda ya san Malam ya san wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, don mutum ne da ko bulala zai yi maka sai ya fara ba ka dariya.

Tsarabata wani tsohon littafin soyayya ne na Turawa, mai barkwanci, wanda ya karantar da mu har bangonsa ya fita. Na samo wanda wata Baturiya ta karanta da murya, na sa a memori, na haɗa da 'yar rediyo da iyafis na sawa a kunne sabo fil. Ina ta yaba wa kaina.

A hanya muka kunna don gwaji. Labarin dai irin nasu ne: saurayi da budurwa, kowa ya san za su yi aure sai su biyun. Sai ziyara, sai shan shayi, sai baƙar magana cikin ladabi. Hagu da dama dawa ta sunkuya, rake ya yi duhu a fadama, Baturiya na ta bayanin yayyafi a lambu. Duk ramin da muka faɗa sai mun yi salati, ita ko muryarta ba ta rawa. Abokina ya saurara can ya ce, "Wai su waɗannan ba sa zuwa gona ne?" Na ce a iya sanina babu wanda ya taɓa zuwa.

A Rogo Sabon Gari muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, mai suyar kuma ta ɗora laifin a kan wake da mai da gwamnati, a jere. Muka sayi rake muka ɗauki hanya.

Mun tarar an fito da Malam zaure, ya rame, wasu dattawan Fulani maƙwabtansa na zaune a gefe. Aka gaisa, gajiya, iyali, damina, shanu, yana amsawa a gajarce. Na gabatar da tsaraba, na matsa zan saƙala masa iyafis. Ya shafa wayar iyafis ɗin da yatsa, ya ture hannuna.

"Kai har yanzu ba ka tunani kafin ka ɗaga hannu. Ido ya tafi, kai kuma ka taho tun daga Karaye ka toshe min kunne? In an yi sallama wa zai amsa?"

"Allah ya gafarta Malam, na ga labarin na soyayya ne, ga kuma dattawa."

"Wa ya ce maka da furfura aka haife su? Cire."

Na zare wayar, muryar Baturiya ta cika zaure. Dattawa suka dubi juna. Malam ya sunkuyar da kai ƙasa, har na fara jin kunyar zuwana. Can sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake, kuma Baturiyar ba ta kai wurin abin dariyar ba tukuna, shi ya riga ta isa.

Wani dattijo ya ce, "Malam, me ta ce ne? Kada a yi ba mu."

"Tsayar da ita," in ji Malam. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta aji, ya shiga fassara, Hausa yana tsoma Fulatanci. Da ya kai inda saurayin ya zo gidan su yarinya, ya zauna har ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba, dattijon ya buga cinya.

"Shi ba shi da kawu ne? A tura manya mana!"

Gardama ta kaure. Aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki, ni da abokina kaɗai muka ba ta haƙƙinta. Kiran azahar ne ya raba.

Da za mu tafi, Malam ya sa na ɗora yatsansa a kan maɓallin tsayarwa, wai shi ne mai amfani, sauran aikin ita ta iya. Ya miƙo min iyafis ya ce, "Kai wa masu ido."

Mun iso Karaye da la'asar, mota shiru, abokina na ta mitar bai ji ko an ɗaura auren ba. Ni dai na tafi da zaton littafi Malam ya rasa. Ashe littafin yana kansa, aji ne babu. Jiya 'yarsa ta kira ni. Ta ce kullum da yamma zaure cike yake, dattawa sun rabu gida biyu a kan yarinyar, Malam kuma ya kafa doka: ba a wuce babi ɗaya a rana, kuma wanda ya makara ba a maimaita masa.