Hutun da Babana Ya Ɗauka

Har yau idan hirar ƙwallo ta tashi a Gummi, akwai masu cewa babana ya sayar wa 'yan Anka wasan ƙarshe. Ƙarya ce. Ban san bakin da ya fara ta ba, amma na san waɗanda suka yi yawo da ita, kuma shekarar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba ko da na so.

Babana malamin wasanni ne a wata kwalejin maza da ke garinmu. Koci kowa ke ce masa, har Inna idan tana son tsokanarsa. Shi ya bi gida-gida yana lallashin iyaye su bar 'ya'yansu su buga ƙwallo, a lokacin da ake ganin ƙwallo aikin masu gudun gona ne. Idan ya busa usur a fili muna ji daga tsakar gidanmu. Yana da wata al'ada kuma. Idan aka tafi hutun rabin lokaci, bokiti ɗaya ake kawowa da moɗa ɗaya. Shi zai fara sha, ya miƙa wa gola, moɗar ta zagaya har kan na benci. Cewa yake waɗanda suka sha ruwa a moɗa ɗaya ba sa hana juna ƙwallo.

Shekarar da na gama sakandare yaransa suka fitar da Bukkuyum, suka kai wasan ƙarshe da Anka. Tun damina yake tari, yana cewa sanyi ne. Ni ke yi masa wanki, ni na fara ganin jini a hankicinsa. Bai je asibitin garinmu ba, don kowa a can ya san shi. Mota ya shiga ya tafi Anka. Da ya dawo ya kira ni da Inna, ya zauna nesa da mu a ƙarƙashin darbejiya, ya ce tarin fuka ne, kuma daga yau a ware masa kwanonsa da kofinsa. Ya ce zai ajiye usur na ɗan lokaci.

Na ce, "Baba, wasan ƙarshe ya ƙarato. Mi za ka ce musu?"

"Rashin lafiya da uzurin gida."

"Ka hito hili ka gaya musu mana."

Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar nan, kamar ba ki san garinku ba. In aka ji yaran nan sun sha moɗa guda da mai wanga ciwo, gobe ba uban da zai bar ɗanshi ya taka hili. Shekara nawa ina roƙonsu? Kuma wa zai ƙara sayen wainar Innarki a bakin makaranta? Muddin ina numfashi, ban yarda ki buɗe baki ba."

Mutum ɗaya ya gaya wa a waje, shugaban makarantar. Ya roƙe shi a kawo ma'aikatan lafiya su duba yaran, a ce musu gwaji ne da ake yi kafin gasa. Aka duba su, duk suka fita lafiya. Ranar ce kawai na ga babana ya ci abinci da daɗi a duk tsawon jinyarsa.

Shugaban ya tsaya a gaban ɗalibai ya ce Koci ya ɗauki hutu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A ofis an san hutu na iya zama na jinya, amma a bakin kasuwa hutu kwanciya ce a inuwa ana fifita. Kuma ciwon bai kayar da shi ba tukuna, da ƙafarsa yake tafiya, babbar riga ta rufe ramarsa. Sai wani direba ya ce ya gan shi a tashar Anka, ba sau ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, can yake karɓar magani. Amma ba wanda ya tambayi me ya kai shi.

Aka buga wasa ba shi, Anka ta lallasa mu. Kafin magariba labari ya gama gari cewa sun ba shi sabon babur. Mu da ko keken gidan tayarsa a sace take.

Washegari da la'asar yaran suka biyo ta ƙofar gidanmu suna tafi suna rera cewa Koci na hutu. A gabansu akwai kyaftin, yaron da ya sha cin tuwo a gidanmu, wanda Inna ke kira ɗana. Ya jefo wani abu ta saman katanga, ya faɗi kusa da turmi yana ƙara. Moɗar ce.

Ya ɗaga murya ya ce, "A ba Koci, ya sha ruwan Anka da ita."

Na figi mayafi zan fita. Baba ya ce in dawo. Ya ɗauki moɗar yana juya ta, gefenta ya lotsa. Ya ce, "Da haka ya iya saiti a gaban raga, da yanzu kofi na Gummi." Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har sai da ya dafa bango. Sannan ya ce in tafasa ta in ajiye, za su neme ta baɗi.

Ni ba mai haƙuri ba ce, ban taɓa zama ba. Na tare shugaban makarantar a hanyarsa ta komawa gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka shi daɗe, kai ka san gaskiya. Ko ba ka faɗi ciwon ba, ka ce musu bai ci amanar kowa ba."

Ya gyara hularsa ya ce, "Yarinya, maganar manya ce. Ku yi haƙuri, za ta wuce."

Daga baya na gane abin da ya sa. Tunda an sami wanda za a ɗora wa laifin faɗuwa, ba mai zuwa ofishinsa da tambaya.

Maganin an fara shi a makare. Bayan an gama girbi Baba ya rasu, kuma a duk kwanciyarsa ko ɗaya daga cikin yaran bai leƙo zaure ba. Amma ranar ta'aziyya gida ya cika. Mata suka yi ta shigowa, kowace da kalmar da aka saba faɗa. Uwar kyaftin ta zauna kusa da ni ta ce, "Allah shi sa ya huta."

Na ce, "Ai tun da ranshi kun ce hutu yake."

Inna ta mintsine ni a cinya. Ban janye maganar ba.

Ina ƙaunar babana, amma a nan ban yarda da shi ba, kuma har yau ban canza ba. Ya yi shiru don ya kare mutane, su kuwa suka cika shirun da abin da suka ga dama. Abin da na koya ke nan: idan ka bar wa mutane su faɗi labarinka, mafi muni za su zaɓa, kuma su kwana lafiya.

Alkawarin da ya sa na ɗauka na tsawon numfashinsa ne. Bayan sadakar bakwai na ɗauko moɗar nan, na ce wa Inna ranar Litinin zan je makarantar lokacin da ɗalibai ke layi, in faɗi komai a gaban shugaban.

Ta ce, "Kin san in kika hwaɗi, ba mai ƙara sayen wainata."

"Na sani, Inna."

Ta dubi moɗar. Sannan ta ce, "To ki tsaya inda na baya ma za su ji ki."