Gidan Gaba a Motar Albasa

Shekaru sun ja, kuma ba zan rantse cewa komai ya faru daidai yadda zan faɗa ba. Wataƙila na haɗa tafiya biyu na mai da su ɗaya. Launin motar ma ina shakka, wani lokaci in tuna ta fara, wani lokaci ruwan toka.

Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, motoci da yawa ba su ma canza lamba ba. Na gama jami'a, aka ba ni koyar da labarin ƙasa. Saboda ƙarancin malamai, sai aka raba mini mako tsakanin wata makaranta a Aliero da wata a Maiyama. Dole in riƙa ratsa Jega, in je in dawo. A yankin aka haife ni, amma makarantar kwana ta ɗauke ni tun ina ƙarami, iyayena kuma sun rasu kafin in dawo. Na dawo da Hausar littafi a bakina. In na yi gaisuwa sai a amsa mini da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

Motar da na fi shiga wata tsohuwar a-kori-kura ce mai ɗaukar albasa. Buhuna a ƙasa, mutane a kansu. A cikinta na ga abubuwan da har yau in na ba da labari ake mini kallon mai ƙari. Na ga direban ya fasa ɗanyen ƙwai a lagireto don ya toshe yoyo, ya kuma toshe. Na ga ya murza sabulu a inda tankin mai ke ɗiga. Babban abin shi ne motar ba ta tashi da makulli, sai an tura. Saboda haka ba ya kashe ta sai a kan gangare. Ni da nake gaya wa ɗalibai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, a motar nan na lura akwai ɗan tudu kafin a shiga Jega, akwai wani bayan an fita. Mai son sauka ma sai ya haƙura a kai gangare.

Tun ranar farko direban ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Malam, gidan gaba naka na." Girmamawa ce, na sani. Amma shi ba mai magana ba ne, kunnensa na kan ƙarar inji. A bayana kuwa, ta gilashi, ina ganin bakuna suna motsi, ana tafa hannu, ana miƙa goro. Wani lokaci dariya ta tashi har motar ta girgiza. In na waiga sai su gyara zama su yi shiru. Haka zan isa Maiyama, in shiga ɗakina, in dafa shayi, ban yi hira da kowa ba in ban da allo da ɗalibai.

Na lura hirar tasu daga turi take farawa. Waɗanda suka tura mota tare, suna haki, suna zolayar wanda bai sa ƙarfi ba, kafin a zauna sun zama 'yan uwa. Ni kuwa duk sanda na kama ƙofa zan fita sai a ce, "A'a Malam, zamna abinka." Na yi makonni ina saƙa yadda zan yi in sauka ba tare da na ɓata wa kowa rai ba.

Wata rana da bazara, bayan mun bar Jega mun nufi Maiyama, garken shanu ya tsallaka titi. Direba ya taka birki, mota ta mutu a fili, inda babu gangare ko kaɗan. Mutane suka diro. Kafin kowa ya hana ni na fita, na zagaya baya, na dafa bodi kusa da wani dattijo mai saida albasa.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wandonka hwa?"

Na ce, "Baba, a wanke shi."

Wani ya ce, "To ku matsa, yau boko za ta tura mu!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ina jin ban taɓa jin daɗin zufa kamar ranar ba.

Muka tura, mota ta yi tari, ta kama. Abin da ban sani ba, domin daga gidan gaba ba a ganinsa, shi ne in ta kama ba ta tsayawa. Direba rage gudu kawai yake yi, kowa ya bi ta da gudu ya ɗare. Ni sai na koma gefen titi wajen ƙofata, na tsaya ina kaɗe hannu, ina jira a tsaya mini. Na baya suka ɗauka na shiga gaba. Direba ya ɗauka yau na zaɓi baya. Ina kallo motar ta ƙanƙance, da jakata a ciki. Ban yi kira ba. Kunya ce ta hana ni, ina tsammani.

Na kama tafiya a ƙasa. Ba kowa sai gonakin da aka girbe da ƙarar takalmina. Na yi nisa sai na hango mutum yana tahowa, ashe dattijon nan ne. Sai da suka kai gangare aka gane ba na nan, shi ne ya ce zai taro ni.

"Malam, mi kaka jira? Ita wagga mota ko uwar direba ba ta tsaya ma."

Muka jera. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne, na faɗa. Ya ce ya san mahaifina, sun taɓa tura mota tare a hanyar Katanga, kuma shi ma ba ya iya ɗarewa, sai an ja shi. Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Na so a ce hanyar ta fi haka tsawo.

Da muka isa, direba ya fito ransa a ɓace, yana ba ni haƙuri kamar ya yi mini babban laifi. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Don Allah Malam, kada ka ƙara sauka." Na baya duk suka goyi bayansa. Na shiga. Ban ƙara sauka ba har aka mai da ni makaranta ɗaya. Dattijon ma ban sake haɗuwa da shi ba, ban kuma tambayi sunansa ba.

In akwai wanda ya shiga motar nan a shekarun, ina roƙo ya aiko mini da gyara inda na kuskure, ko launinta ne, ko wurin da shanun suka tsallaka. In kuma yana cikin na baya, zan so ya gaya mini abin da suke faɗa da ke sa su dariya haka.