Ƙafar Babur Ɗin da Na Saya wa Baba

A lokacin ban daɗe da aure a Mabera ba, ina ɗinki a cikin gida, ina jin kaina mace mai abin hannu. Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, saboda haka tunda na taso Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce da Inna waccan, ko da ina zaune a gabansa. Ban taɓa jin haushi ba, don na san in ya dawo daga fadamarsa ta Kwalkwalawa, rake mafi kauri nawa ne.

Yana da wani tsohon babban babur mai birkin faifai a baya, wanda yake ji da shi fiye da rigar sallarsa. Birkin gaba kuwa ya mutu tuntuni, kuma ya ƙi gyarawa, wai shi ke kifar da mutum. Ƙafar baya ta lanƙwashe, in yana tafe sai ka ga babur na rangaji. Na ƙudura zan yi masa bajinta. Na tafi shagon kayan babur ba tare da na shawarci kowa ba, na zaɓi ƙafar da ta fi sheƙi. Mai shagon ya tambaye ni ko in haɗa da faifanta, na ce na Baba lafiyarsa lau. Wani maƙwabcin su Baba mai taɓa gyara ya ɗaura, ya ga ramukan noti sun yi daidai, ya mayar da tsohon faifan. Ashe wannan ƙafar ba ta irin babur ɗinsa ba ce. Faifan ya zauna a karkace, birkin na ɗan lasar gefensa kawai.

Baba ya gane tun hawan farko, amma ya yi shiru. A wurinsa, a ce kyautar ɗiyar fari tana da aibi abin kunya ne, kuma ya san in ya kai wa bakanike labari zai iso kunnena. Sai ya koma tsayar da babur da ƙafafunsa. Na je gida wata Juma'a na ga takalmansa a bakin zaure, dugadugan sun cinye. Na yi ta tsokanar Inna cewa mijinta ya fara tsere da samari. Ta yi dariya, ita ma ba ta san komai ba.

Ranar da abin ya faru ya ɗauko buhunan albasa, yana gangarowa, sai amalanken shanu ya shigo masa hanya. Ya taka birki babu, ya sa ƙafa nauyi ya fi ƙarfinsa, sai ya zaɓi ya faɗa rami da ya afka wa dabbobin mutane. Ya karye a hannu, gwiwarsa ta ɗaye. Da na iso na same shi kwance an ɗaure hannun, na durƙusa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai dube ni ba. Ya ce da Inna ta gaya wa waccan laifin shanu ne. Sai da bakaniken da ya ɗauko babur ɗin ya nuna wa mijina faifan, gefe ɗaya ya goge, sauran ko taɓawa ba a yi ba, sannan na san gaskiya. Na so a cire ƙafar a jefar, Baba ya hana. Aka nemo faifan da ya dace da ita, aka gyara birkin gaba, Baba yana ta gunaguni.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa shi ne, in za ku canza ƙafar babur, ku kai babur ɗin gaba ɗaya a gwada, kada dacewar ramukan noti ta ruɗe ku. In kuma kun yi wa iyayenku kyauta, kada ku jira su kawo ƙorafi, don irin Baba sun gwammace su karye da su ɓata muku rai. Har yau hannunsa ba ya ɗaga buhu, har yau kuma yana nuna wa abokansa ƙafar yana cewa waccan ce ta saya. Ni dai duk ranar da na je gida, kafin in yi sallama, sai na juya takalmansa na duba.