Yadda Na Sake Miƙe Bayana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Jinya na yi, kuma yau nake so in ba ku labari.

Ranar kasuwar Mai'adua wani bijimi ya fizge igiya daga hannuna, na ji ƙas a ƙuguna. Na daure na gama ciniki.

Washegari na kasa sa takalmi. Ciwon ya gangara ƙafar hagu kamar ana zuba min garwashi. Salla ma sai a zaune.

Na je wajen mai ɗori, na sha saiwoyi, ba sauƙi. Ƙanena Habibu ya kai ni Katsina aka ɗauki hoto. Hoton kaɗai sai da na sayar da rago.

Likita ya ce, "Alhaji, wani abu ne ya zame tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya. Kafin maganar tiyata, mu gwada motsa jiki."

Dillalin shanu ba ya ciyar da iyali daga kan gado.

A sashen gashin ƙashi wani ma'aikaci ya kwantar da ni rigingine. "Ja numfashi ta hanci. Sake shi a hankali, ka ja cibiya ciki. Ɗaga ƙugu kaɗan."

Na ce, "Malam, ni da nake kayar da sa, wannan ne maganina?"

Ya ce, "Yi mu gani."

Ban yi nisa ba gumi ya wanke ni, cikina na karkarwa.

Da na koma gida Sandamu, bayan asuba nake yin motsin, ƙofa a rufe. Wata rana maiɗakina ta turo ƙofar ta ce, "Maigida, kwanciyar ba ta ba ka kunya ba, sai tashin?" Ta shimfiɗa tabarmarta kusa da tawa. Tun haihuwar auta ita ma ƙugu ke damunta.

Akwai ranakun da ban ga canji ba, har hawaye na yi. Ban fasa ba.

Da damina ta faɗi na koma asibiti da ƙafata. Likita ya sa na sunkuya, na miƙe, ya ce, "A ajiye maganar tiyata."

Alhamdulillahi. Habibu, maiɗakina, da duk wanda ya yi min addu'a, Allah Ya saka da alheri.

Mai ciwon baya, je a duba ka kafin kowa ya murɗa ka. Kada ka kwaikwayi motsi daga waya ba tare da an nuna maka naka ba. In an nuna maka, yi ɗan abin da za ka iya yau, gobe ka sake.